Sallar da Muka Yi da Ragon Ruwa

Shekarata biyu da aure muka koma Tiga. Malam, mai gidana, ya samu aiki cikin ma'aikatan ruwa na dam ɗin garin, aka ba mu ciki da falo a kwatas ɗin ƙananan ma'aikata, ga famfo a tsakar gida, abin da ko a Bebeji, garinmu, ban taɓa mallaka ba. Na fi wata guda ina buɗe famfon nan ina rufewa, ba don ina bukatar ruwa ba, don dai in ji ƙararsa. Shi Malam Bafulatani ne na wajen Burumburum, boko ne ya raba shi da shanu. Danginsa duk suna can suna noma suna kiwo, kuma tun da muka dawo Tiga babu wanda ya taɓa zuwa ya ga inda muke kwana.

A wannan shekarar Babbar Sallah ta faɗo tsakiyar damina. Lokacin ne komai ya yi tashin gwauron zabi, har sabulu sai an bi layi. Saura kwana goma Sallah, Malam ya sayi sabuwar igiya, ya hau kekensa ya tafi kasuwa sayen rago. Da la'asar ya dawo da igiyarsa a naɗe. Kasuwa ta zagayo ya sake komawa. Ina cikin tankaɗe na ji ƙarar keke, na leƙo, na gan shi yana jingine keken, daga shi sai igiya.

Na ce, "Malam, sannu da zuwa. Ragon yana tafe a baya ne?"

Ya ce, "Yana gaishe ki. Ya ce bana ba zai samu zuwa ba."

Muka yi dariyarmu muka gama. Layya dai ta mai hali ce, kuma mu biyu ne rak a gidan, abin da maƙwabta za su aiko ma ya ishe mu.

Ana gobe jajibere sai ga saƙo ta bakin wani direba mai bin hanyar Tudun Wada. Wai Inna, mahaifiyar Malam, ta ce tana nan tafe ranar uku ga Sallah, ita da Goggo, ƙanwar mahaifinsa, da ƙanwarsa guda ɗaya. Su uku.

Malam ya nemi turmi ya zauna a kai. Shi ne ɗan farin Inna, ba ta kiran sunansa, ba ta ma kallon fuskarsa, balle ta taka ƙafa zuwa gidansa. Idan har ta ce za ta zo, to ba ƙaramin al'amari ba ne. Sannan a can rugarsu an riga an yanke cewa duk wanda yake cin albashin gwamnati raguna biyu yake kayarwa, ɗaya nasa ɗaya na matarsa.

Na rasa wanda zan kai wa kukana sai maƙwabciyata ta bayan katanga, wadda muke kira Uwar-biyu saboda tagwayenta mata. 'Yar Kiru ce, mijinta masunci, kuma idan ta yi dariya sai ka ce an zazzage kwandon langa a siminti. Na taka bokiti na leƙa ta katanga na faɗa mata komai.

Ta ce, "Rago? Don rago kike wannan zufa? Ai mijina kusan kullum sai ya kamo rago."

Na ce, "Wane irin rago kuma?"

"Ragon ruwa mana! Ba ki san shi ba? Kifi ne ƙato, tsoka zalla, ƙayarsa ba yawa."

Na ce ai nan gizo ke saƙar, domin Inna ba ta cin kifi. Malam ya sha ba ni labari, a gidansu ko warinsa ba a so kusa da ƙwaryar nono. Inna cewa take kifi maciji ne da ya sa riga.

Uwar-biyu ta ce, "Wa ya ce kifi za ki ba ta? Dambu za ki ba ta."

A nan kan katanga muka ƙulla ciniki, ba a ambaci kwabo ba. Ni na iya kitso, na iya ƙunshi. Zan yi mata kitson Sallah, in yi wa tagwaye, in ƙunsa musu lalle hannu da ƙafa, ita kuma ta sa mijinta ya ware min manyan raguna huɗu. Da na faɗa wa Malam sai ya toshe kunnuwansa da yatsu.

Ya ce, "Ni ban ji ba, ban gani ba. Amma kada ki yi mata ƙarya."

Na ce, "Idan ta tambaya zan ce rago ne."

"Ki dai ƙarasa sunan."

"Zan ƙarasa a zuci."

Ranar Sallah maƙwabta suka yi ta aiko da nama, wannan 'yar tsoka, wancan haƙarƙari, wani kuma kitse. Kitsen nan ne Uwar-biyu ta ce in ɓoye shi kamar zinariya. Washegari tun hantsi kifin ya iso, huɗu, kowanne ya kai tsawon hannuna, masu gashin baki kamar tsofaffin 'yan doka. Muka goge su da toka, muka wanke da lemon tsami har sau uku. Muka dafa da albasa da citta da kanumfari da masoro da tafarnuwa, muka juye a faranti, muka zauna mu biyu muna tsince ƙaya ɗaya bayan ɗaya kamar masu tsintar tsakuwa a shinkafa. Sannan muka farfasa da muciya. Uwar-biyu ta narka kitsen ragon a kasko, ta ƙara man gyaɗa, muka zuba, muka yi ta juyawa har ya bushe ya yi ja ya yi wara-wara. Ƙamshin da ya tashi, wallahi ko mahauci sai ya rantse. Na ɗanɗana, na yi tsalle na rungume Uwar-biyu da ludayi a hannu, har na shafa mata mai a sabon kitso. Na cika samira babba na rufe, na ɗora a saman kabad, na yi ta zagayawa ina buɗewa ina leƙawa kamar zai gudu.

Ranar uku na tashi da wuri na ɗora tuwon shinkafa na mutum shida, don a samu rara. Na haɗa miyar taushe da ɗan naman maƙwabta. Na share gida, na turara, na ɗaura sabuwar atamfata. Wajen ƙarfe sha ɗaya a-kori-kura ta tsaya a ƙofar kwatas, an lulluɓe bayanta da tamfol. Aka yaye tamfol ɗin.

Goggo ce ta fara sauka, doguwa, fara, da ƙwarya a ka. Sai Inna. Sai ƙanwar Malam. Na durƙusa zan fara gaisuwa sai na ga wata ƙafar ta sauko. Sai wata. Sai wata mai goyo. Ina durƙushe ina ƙirgawa da yatsu a cikin zani, yatsun suka ƙare ba su gama sauka ba. Mata goma sha ɗaya, ban da jarirai uku a baya.

Goggo ta dube ni ta ce, "Ke 'yar Kaɗo, rufe bakin, ƙuda zai shiga. Mu uku muka fito daga gida. Kafin mu kai bakin titi kowacce ta ce ita ma sai ta ga ruwan gwamnati. Za mu kore su ne?"

Na ce, "A'a Goggo, sannunku da zuwa, lale marhabin."

Ruwan sama ya kama su a Kwanar Dangora inda suka canja mota, duk sun jiƙe, suna ta dariya suna matse mayafai, kowacce tana ba da labarin da Fillanci a lokaci guda. Amma ba hannu rabbana suka zo ba. Ƙorai shida na nono, man shanu cikin kwalabe, ƙwan zabi cike da kwando an shimfiɗa ƙaiƙayi, ga fura, ga ɗanyar masara. Falona ya cika, uwar ɗaka ta cika, har bakin famfo. Malam ya zo ya tsuguna daga nesa ya gaida Inna, ta amsa tana kallon bango, ya miƙe ya fice gindin mangwaro da sauri kamar an biyo shi.

Na zagaya baya na taka bokitina. Kafin in yi magana Uwar-biyu ta miƙo min injin taliya ta saman katanga.

Ta ce, "Na ƙirga su ta taga. Murza. Ina zuwa."

Abin da muka yi cikin awa biyun nan har yau ina mamakinsa. Ta kwaɓa fulawar da na ajiye ta wata guda, ni ina murzawa, ƙanwar Malam tana shanyawa a kan igiyar shanya, har tsakar gidan ya koma kamar an rataye labule. Miyar taushe muka ƙara mata kabewa da ruwa da addu'a. Muka dafa ƙwan zabi muka jefa ciki, suka yi ta iyo kamar nama. Tagwaye suka bi kwatas gida-gida suna aro langa da cokula da tabarmi. Ni dariya kawai nake yi, ban san dalili ba. In na kalli taliya in yi dariya, in na kalli takalman mutum goma sha ɗaya a ƙofar falo in yi dariya. Uwar-biyu ta ce, "Ke, ko dai kin zautu ne?" Na ce mata ban sani ba tukuna.

Aka kai abinci. Inna ba za ta ci a gaban suruka ba, don haka aka shigar da nasu uwar ɗaka ita da Goggo, aka saki labule. Na ɗebi dambu a farantin da ya fi kowanne kyau, na yi bisimilla, na tura ta ƙarƙashin labulen. Na dawo bakin ƙofa na zauna, kunnena a ciki. Uwar-biyu ta laɓe ta waje jikin taga.

Shiru. Sai ƙarar faranti. Sai ƙus-ƙus da Fillanci.

"Ke 'yar Kaɗo!"

"Na'am, Goggo."

"Wannan dambun na mene ne?"

Na ce, "Na rago ne, Goggo." Na ƙarasa sauran a zuci kamar yadda na yi alkawari.

Aka sake ƙus-ƙus. Goggo ta ce, "Innarki ta ce ragon nan ya sha kiwo, ba tauri ko kaɗan. Ta ce a ina aka samo shi?"

"Nan bakin dam ne."

"Irin na nan ne ke nan. Me suke ci haka?"

Na ce, "Ci dai ban sani ba, Goggo, amma suna shan ruwa sosai."

Na ji wata ƙara daga waje kamar an shaƙe akuya. Uwar-biyu ce ta cusa bakin zani a baki. Ni kuwa na danne cikina da hannu biyu, hawaye na zuba. Aka turo farantin ta ƙarƙashin labule, fes, aka ce a ƙaro. Na ƙaro. A falo ma matan sun far wa nasu, wata tana cewa ita ba ta taɓa cin rago mai narkewa a baki haka ba, lallai gwamnati ta iya kiwo.

Ina cikin murna, har na fara jin kaina wata gwana, sai aka ɗaga labulen. Goggo ce tsaye, ta riƙe wani abu tsakanin yatsu biyu, ta nufi hasken ƙofa da shi. Siririya ce, fara, mai ɗan lanƙwasa. Ƙaya guda ɗaya da ta tsere mana.

Ta ce, "Na tsufa ina cin rago, ban taɓa ganin mai allura a jiki ba."

Ta kai hanci ta shinshina. Ta kai wa ƙanwar Malam, ita ma ta shinshina. Sai Goggo ta ɗaga murya ta ce, "Liingu!" Kifi ke nan da Fillanci, ko ban sani ba a da, ranar na sani. Matan falo suka tsame hannu daga faranti. Wata da loma a hannu ta tsaya a hanya, ba ta kai baki ba, ba ta mayar ba.

Na rarrafa na shiga uwar ɗaka na durƙusa, kaina a ƙasa. Na faɗi komai, tun daga zuwan Malam kasuwa sau biyu har kitson da na yi aka ba ni kifi. Na ce sunansa ragon ruwa, rabin sunan na faɗa, rabin na ɓoye, a yafe min.

Inna ta nemi ruwa ta kuskure baki. Ta ɗauki ludayi ta sha nono, ta sake sha. Ni dai na gama saddaƙarwa yau sai Bebeji. Can ta yi magana, kuma ba ta bi ta bakin Goggo ba, ni ta yi wa kai tsaye, karo na farko tun da aka kawo ni gidansu.

"Wato bai yi layya ba?"

"Bai samu hali ba, Inna."

"Shi ne bai aiko ba? Tumaki suna nan a gida suna cinye min rama, shi yana yawo a kasuwa da igiya kamar wanda saniyarsa ta ɓata?"

Ashe ba ni ce a gaba ba. Ban san lokacin da na ɗago kai ba. Sai na ga Goggo ta koma ta zauna, ta jawo farantin gabanta, tana ci gaba da ci.

Ta ce, "Ni dai na riga na ci. In da laifi yana wuyan 'yar Kaɗo. Ke, akwai saura a samirar?"

Wata a falo ta fara ƙyalƙyalewa, sai duk suka ɗauka. Mai lomar nan ta kai ta baki. Inna ta ja mayafi ta rufe fuska, amma kafaɗunta suna rawa. Daga cikin mayafin ta ce ita loma uku kawai ta yi.

Goggo ta ce, "Tara. Ina ƙirgawa."

Uwar-biyu ta kasa daurewa, ta faɗo ɗakin ba sallama tana riƙe da ciki, ta zube ta gaida Inna tana cewa ita ce uwar laifin, a haɗa da ita. Inna ba ta ƙara taɓa dambun ba, gaskiya, tuwo ta ci da ƙwan zabi. Amma sauran sun ga bayan samirar tas.

Bayan la'asar sama ta washe. Inna ta ce tunda an ci ragon, a kai su su ga makiyayarsa. Muka jeru a hanya, mu goma sha uku da tagwaye, Malam yana can gaba nesa yana tura keke. Mutanen gari suna fitowa kallonmu. Da muka hau tudu ruwan ya bayyana, dam ya cika ya batse saboda damina, sai matan suka tsaya cak. Wata ta yi salati. Wata ta tambaya ina ɗaya gaɓar, aka ce mata tana can, ba a hangowa sosai. Ta ce ƙarya ne, wannan sama ce ta faɗo.

Mijin Uwar-biyu yana bakin ruwa yana gyaran koma. Da matarsa ta raɗa masa abin da ya faru ya yi dariya har hularsa ta faɗi, ya ce to duk mai so ta zo ya zaga da ita a kwalekwale, goron Sallah. Kowa ta ja da baya. Goggo ta tattare zani ta ce ita ba ta gudun abin da Kaɗo bai gudu ba, ta damƙi hannuna ta ce tare za mu shiga. Wata da watanni ina Tiga ban taɓa shiga kwalekwale ba, amma ina zan faɗa.

Da ya tura mu ruwa, jirgin ya yi tangaɗi, Goggo ta ƙwalla ƙara ta riƙe wuyana. Ta karanto duk addu'ar da ta sani, har ta shiga kasuwa da ta sa sabon kaya. Da addu'o'in suka ƙare sai ta koma yi wa kwalekwalen tsawa da Fillanci yadda ake yi wa saniya mai gardama, tana dukan gefensa da tafin hannu wai ya tsaya. Ni ina ihu ina dariya, ruwa yana fallatso mana, matan a gaɓa suna guɗa. Bai fi nisan jifa biyu muka yi ba ya juyo da mu. Ƙafarta na taɓa ƙasa ta gyara ɗaurin kallabi ta ce, "Ba wani abu ba ne. Ku shiga, matsorata." Haka mutumin nan ya yi ta jigila bibbiyu har rana ta yi ja.

Inna ba ta shiga ba. Ta tsuguna a bakin ruwa ta wanke fuska, ta daɗe tana kallo. Na matso kusa na ji tana cewa, kamar da kanta take, da rani sai su yi tafiyar rabin yini kafin shanu su sha. Sannan ta taɓa Goggo ta nuna Malam da haɓa, ta ce a tambaye shi ko shi ne yake tsare da wannan duka.

Goggo ta ƙwala masa tambayar. Malam ya ce a'a, shi famfo kawai yake buɗewa ya rufe, sai ya rubuta a takarda.

Goggo ta juyo ta ce wa Inna, "Ya ce eh."

Suka kwana a gidanmu kamar an jera rake, Malam ya tafi wajen abokinsa. Da safe muka dama fura da nononsu, aka gasa masara, muka raka su tasha. Inna ta shiga gaban mota. Da na durƙusa yi mata sallama ta ɗora hannu a kaina ta sa min albarka, doguwa, rabi Hausa rabi Fillanci. Goggo kuwa tana leƙowa daga baya har motar ta tashi, tana cewa in gaida mata mai kwalekwale, in ce masa ya koya wa abinsa ladabi.

Na dawo gida na tarar da tsakar gida kamar an tashi kasuwa. Uwar-biyu ta shigo taya ni wanke-wanke. Muna cikin yi cikina ya yi ƙugi, sai a lokacin na tuna tun jiya ban ci abin kirki ba, ita ma haka. Muka duba tukwane, babu komai sai ƙanzo a gindin tukunyar tuwo. Muka kankare shi, muka jiƙa, muka zuba masa man shanu har yana ninƙaya, muka barbaɗa yaji, muka zauna a bakin famfo muka cinye da hannu.

Mayar da kayan aro shi ne ya fi ba mu wahala. Langa ta kai ashirin, duk masu furanni, kuma tagwaye sun manta wacce ce ta wa. Muka raba yadda Allah ya nufa. Har aka yi girbi matan kwatas suna aiko min da murfi, a ce wannan bai hau tasu ba, in duba ko nasu yana gidan wance.